Jerin da Injiniya Ya Goge

Ana gab da magariba matar Injiniya tana kwashe shanya, sai famfon tsakar gida ya kunna kansa. Fitilun suka ɗauke, suka dawo. Can sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Ita ta san inda abin ya samo asali. Wata biyu mijinta ya yi a ɗakin aiki yana sake rubuta direban allon da ke sarrafa gidan, wato manhajar da ke magana da duk na'urar da ke kan wayar lantarkin gidan. A da akwai jerin sunaye, wanda ba ya ciki ba ya shiga. Gogan naka ya goge jerin, wai aikin 'yan da ne. Yanzu kowa ya faɗi sunansa a kan waya, allon zai loda masa manhaja ya ba shi wuri, ba tambaya. Har tafa wa kansa ya yi, kai ka ce shi ya ƙirƙiro lantarki.

Kwana na uku, 'yarsu Auta ta zauna a bakin ƙofar ɗakin aikin ta daina ƙifta ido.

"Lalurar ƙwaƙwalwa ce," in ji Injiniya, yana gyara tabarau.

Matar ko kallo bai ishe ta ba. Ta ɗauko Malam, tsoho mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe, da muryar ƙato.

"Malam, rage ihu. Ni ban fasa gidan kowa ba. Suna na faɗa, wancan mai tabarau ya ce bismillah."

"Ka fita daga jikinta."

"A bar min famfon."

"Ko ɗigo."

Abin ya yi dariyar raini. "To, na tafi. Dama gidan da ba a tambayar baƙo ba wurin zaman mai mutunci ba ne. Amma ka sani, mu bakwai ya loda. Ni ne dai mai kunyar cikinmu."

Auta ta yi atishawa ta sulale. Uwar ta rungume ta, ta juya ga mijinta.

"Mayar da jerin. Yanzu."

Injiniya ya ƙura wa kwamfutarsa ido.

"Ban ajiye kwafi ba," ya ce.