Shuɗin Zaren Kaka

Akwai wata yarinya da ke zaune tare da mamarta da kakarta. Kullum da hantsi Kaka takan zauna bakin taga da allura da farin ƙyalle. Hoton wani tsuntsu take ɗinkawa. Takan gicciya zare a kan zare, ƙanana-ƙanana, har siffa ta fito.

"Kaka, a ina zan ga irin tsuntsun nan?"

"Ba za ki gan shi ba, ƙawata. Ya ƙare a duniya. Da ina yarinya sun cika rafinmu. Kowa ya kama ɗaya, ya ce ai suna da yawa."

Idanun Kaka sun fara gani dishi-dishi. Likita ya ce ba za su daɗe ba. Shi ya sa take sauri. Tana kan ɗinkin ƙafafun tsuntsun, sai fiffike ɗaya ya rage mata.

Zaren fiffiken shuɗi ne mai sheƙi, yana cikin wani tsohon gwangwani. Yarinya ta yanki kaɗan, ta tufka abin hannu. A makaranta ƙawaye suka yi mata caa.

"Ni ma ki yi mini."

Ita kuwa akwai son yabo. Yau ta yanka, gobe ta yanka. Kullum sai ta ce, "Ai yana da yawa."

Ranar da Kaka ta buɗe gwangwani, babu ko sili.

"Ni ce na kwashe," in ji yarinya.

Ita da Mama suka zaga shagunan zare kaf. Mai shago na ƙarshe ya girgiza kai. "An daina yin irinsa tuntuni."

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta ninke ƙyallen, ta tura ƙarƙashin katifa. Ta koma bakin taga ta zauna hannu sake. Da dukanta aka yi, da ya fi wa yarinya sauƙi. Yarinya ko abinci ta kasa ci.

A aji, Malama ta same ta tana kuka, ta ji duk labarin.

"Shi ke nan, Malama. Kaka za ta makance ba ta gama ba."

"Zaren ƙona shi kika yi?"

"A'a. Yana hannun ƙawayena."

"To, sai ki je ki roƙe su."

Karɓar kyautar da ka bayar akwai kunya. Amma ta daure, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka cire nan take. Wata ta harare ta kafin ta miƙo. Wata kuwa ta ce nata ya ɓata.

Yarinya ta warware zaren, ta wanke, ta shanya. Duk guntaye ne. Ita ke zura wa Kaka a allura, Kaka na ɗinki. Suka yi ta yi har zaren ya ƙare. Saura gashi ɗaya a bakin fiffike, wurin ya tsaya fari.

Yarinya ta sunkuyar da kai. Kaka ta shafa ƙyallen, ta yi dariya.

"Ga tsuntsuna! Farin wurin nan a bar shi haka, don ki riƙa tunawa. Zare ya dawo, ƙawata, amma tsuntsun ba zai dawo ba."

Mama ta rataye hoton a bango. Tun daga ranar yarinya ba ta ƙara ɗaukar abin wani ba tare da tambaya ba. Ta kuma gane cewa duk yawan abu, in ana ta ɗiba kaɗan-kaɗan, ƙarewa yake yi.