Motar Da Direba Ta Hana A Sayar

"Kada ki kuskura ki taka ɗakin nan! Kin kai min ɗa bakin kabari, yanzu kuma kin zo ki ga ko ya ƙarasa?"

Da wannan magana Inna ta tare matar ɗanta a ƙofar ɗakin asibiti, a gaban masu jinya da masu sharar baranda. Baiwar Allah ta tsaya cak, kwanon abinci a hannunta na dama, na hagu kuma naɗe da bandeji har gwiwa. Ta tsakanin labule tana hango mijinta, Auta, kwance an jona masa robobi a hanci, ba ya motsi, ba ya sanin wanda ke kansa. Wayyo duniya! Mutumin da ko ciwon kai ya yi sai ya ce ita kaɗai za ta shafa masa magani, yau ita ce aka hana ta ko riƙe yatsansa...

"Inna, ki ji tsoron Allah," ta faɗa hawaye na zuba. "Wallahi ban yi gudu ba. Taya ce ta fashe, sitiyari ya ƙwace min."

"Taya! Sabuwar tayar da yaron nan ya saya da guminsa ita ce za ta fashe? Tafi can, Direba!"

Wannan suna ya soke ta fiye da zagin. Auta ne ya raɗa mata shi tun ranar da ya fara koya mata mota a filin bayan unguwa, tana kashe injin yana ƙyalƙyala dariya yana cewa, "Sake tayarwa, Direbata." Sunan soyayya ne, amma tun da hatsarin ya faru danginsa suka mayar da shi abin gori. Shi Auta mai fentin gidaje ne, kuma yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: duk abin da ya mallaka sai ya ɗiga masa shuɗin fenti sau uku. Tsaninsa, bokitansa, tocilan, kai har rediyon da ya saya wa Inna bai tsira ba. Ita kuwa matar kullum tsokanarsa take yi, wai wata rana za ta farka ta tarar da ɗigo uku a goshinta. Ranar da abin ya faru idonsa ne ke ciwo saboda ƙurar bango, shi ya sa ya miƙa mata makulli ta kai shi wurin aiki. Ba su yi nisa ba suka ji fam! Motar ta yi gefe ta daki ginshiƙin gada ta ɓangaren da yake zaune.

An jawo motar an ajiye a ƙofar gidansu an rufe da tamfol. Da ta kai rahoto kamfanin inshora, matar da ke karɓar koke ta ja mata kunne sosai: kada a gyara, kada a cire ko ƙusa ɗaya, kada a sayar, sai jami'insu ya zo ya duba da idonsa. In motar ta bar hannunsu kafin nan, to maganar ta mutu, ba wanda zai iya cewa ga abin da ya jawo hatsarin. Direba ta riƙe wannan magana gam. Ita ba abin da kamfani zai biya ne ya dame ta ba. A duniya ba ta da shaidar da za ta wanke ta sai guda biyu, ɗaya yana kwance ba ya magana, ɗayan kuma shi ne wannan tarin ƙarfen da ke ƙarƙashin tamfol.

Sai ga Babban Yaya, wan mijinta, ya shigo maganar. Mutum ne mai son a gan shi, kullum cikin guga da turare, motarsa irin ta Auta ce sak amma tasa ta fi shan wanki fiye da gyara. Tun da ya ji an ce wani zai zo duba motar ya kasa zaune ya kasa tsaye.

"Ke, wannan gwangwanin sayar da shi za a yi," ya ce mata a tsakar gida, ko sallama bai ƙarasa ba. "Asibiti na cin kuɗi. Na samo mai saye."

"Yaya, ka yi haƙuri. An ce kada a taɓa ta sai an duba. Ga sarƙata da 'yan kunnena, a sayar a biya asibitin."

"Au, ni za ki koya wa doka? Motar ƙanina ce ko ta gidanku?"

"Ta ƙaninka ce, Yaya, shi ya sa ba za ta fita ba sai da saninsa."

Ya karɓi sarƙar ya zuba a aljihu, amma bai fasa ba. Kafin la'asar ya zagaye dangi kaf da labarin cewa matar Auta ta fi son tsohon ƙarfe a kan ran mijinta, tana jira ya cika ta kwashi kuɗin inshora ta yi gaba. Innalillahi! Maƙwabciyar da suke aron gishiri ta daina amsa gaisuwarta. Ƙannen miji suka zo suka kwashe 'ya'yanta biyu suka kai gidan Inna, ƙaramar tana ihu tana riƙe zanenta har sai da aka ɓamɓare yatsunta. Har yayarta ta ciki ɗaya ta bugo waya tana kuka tana cewa, "Don Allah ki bar musu motar nan ki tsira da aurenki!" Direba ta share hawaye ta ce, "Yaya, in na bar musu ita, har in mutu ni ce matar da ta kashe mijinta. Da wane ido zan kalli 'ya'yana?"

Ta shimfiɗa sallaya a ɗakin da ya yi shiru, ga takalman yara a bakin ƙofa, ga wandon aikin Auta rataye duk ya bushe da fenti. Ta ɗaga hannunta mai lafiya. "Ya Allah, Kai ne Ka ga ƙafata a kan birki. Ban da kowa sai Kai. Ka tashi bawanKa, Ka wanke ni..." Ta yi kuka mai isarta, sannan ta miƙe ta wanke fuska ta sake kiran kamfanin, suka tabbatar mata jami'insu na nan zuwa washegari da hantsi.

Ashe Babban Yaya ya ji labari. Gari na wayewa sai ga motar janwe mai jan motoci ta tsaya a ƙofar gida, mai sayen tsofaffin ƙarafa na biye, shi kuma Yayan ya ɗauko Inna a motarsa don ta sa baki. Direba na jin ƙarar sarƙa ta fito da gudu ko takalmi babu. Ta ɗaga tamfol, ta buɗe ƙofar da ta rage mai buɗuwa, ta zauna a kujerar direba a kan fasassun gilasai, ta rungume sitiyari.

"Ku ja!" ta ce da murya mai ƙarfi. "Amma da ni za ku ja!"

Unguwa ta cika maƙil. Babban Yaya ya fizgi hannunta mai ciwo har jini ya ɓullo ta bandejin, ta cije leɓe ba ta saki ba. Inna na tafa hannu tana cewa, "Kun gani ko? Kun ga abin da nake faɗa? Ko a kan ɗana ba ta yi wannan kukan ba!" Mai sayen ƙarafa kuwa da ya ji ana ambaton inshora sai ya ja da baya, ya ce shi fa ba a gaya masa akwai magana a kan motar ba. Rana ta ɗaga, ƙarfen ya ɗauki zafi kamar tukunya, gumi da hawaye suka haɗe a fuskarta, amma ko gezau.

Ana cikin haka jami'in inshora ya iso, wani dattijo mai tabarau da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Ya ce kowa ya matsa. Ya yaye tamfol gaba ɗaya, ya zagaya, ya duba birki ya ce lafiyarsa lau. Sannan ya durƙusa gaban tayar da ta fashe, ya shafa sauran ukun, ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, gaskiya kika faɗa, taya ce ta fashe. Amma ya aka yi kuka hau titi da waɗannan? Duk sun suɗe, har waya ta fito."

"Suɗe?" Direba ta fito daga motar. Tun ranar hatsarin ba ta iya kallon motar ba. "Ranka ya daɗe, sababbi ne! Ana saura mako guda hatsarin ya faru maigidana ya sa su, har da ƙarafunansu ya sake!"

"Ƙarya take yi!" Babban Yaya ya yi tsalle ya dire. "Malam, rubuta ka tafi, muna da abin yi!"

Ita kuwa ta durƙusa ta leƙa cikin ƙarfen tayar. Ta duba na farko, ta duba na biyu... babu shuɗin ɗigo ko ɗaya. Da idonta ta ga Auta ya zauna a nan ƙofar gida da ɗan burushinsa yana ɗiga wa kowanne. Sai ta tuna wanda ya ari motar ana gobe hatsarin, ya ce zai kai baƙi tasha, bai dawo da ita ba sai yamma. Ta miƙe a hankali, ta taka har inda motar Babban Yaya take tana ƙyalli a kan taya huɗu sababbi fil.

"Inna," ta kira. "Zo ki gani da idonki. Ke kika haife shi, kin fi ni sanin hannunsa."

Tsohuwa ta dogaro sanda ta tako tana harara, ta sunkuya da ƙyar. Can cikin ƙarfen, a bayan ƙura, ga su nan a jere: shuɗin ɗigo uku, irin na jikin rediyonta. Ta matsa taya ta gaba, ga su. Ta baya, ga su. Sandarta ta faɗi ƙasa.

"Kai..." ta juyo ga babban ɗanta. "Kai ne? Ƙaninka? Saboda taya?"

"Inna, aro na yi, wallahi da niyyar in mayar..."

"Ka bar yarinyar mutane tana shan tsinuwata, kana tsaye kana kallo! Ka sa na raba uwa da 'ya'yanta!" Inna ta fashe da kuka, ta zube a gaban matar ɗanta ta kama ƙafafunta marasa takalmi. "'Yata, ki yafe min! Na zalunce ki, na ci amanar Allah a kanki..."

Direba ta ɗago ta da hannu ɗaya ta rungume. "Tashi, Inna, uwa ba ta durƙusa wa 'ya. Na yafe. Ki kai ni wurinsa kawai."

Jami'in ya ɗauki hoton motocin biyu, ya kira 'yan sanda. Motar janwen da Babban Yaya ya yi haya don ta ɓatar da shaida, ita ce ta ja tasa motar zuwa caji ofis, shi kuma aka tasa ƙeyarsa a gaban mutanen da ya bi gida-gida yana ɓata mata suna. A aljihunsa aka sami sarƙarta, ko asibitin bai kai ba.

Da la'asar Inna da kanta ta ɗaga mata labulen ɗakin, yaran na riƙe da zanenta. Daga ranar ba ta ƙara barin gefen gadon ba, tana goge masa fuska, tana ba shi labarin gida kamar yana ji. Allah Mai jin kukan wanda aka zalunta! Wata safiya tana gyara masa matashi sai ta ji yatsa ya taɓa ta. Ta ɗago da sauri. Idonsa a buɗe, yana kallonta. Da ƙyar ya ɗaga hannu ya kai goshinta, ya dangwala sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

"Direbata," ya ce can ƙasan maƙoshi, "kin kawo mu gida?"

Ta kifa kanta a ƙirjinsa tana kuka tana dariya. "Mun iso, maigida. Mun iso."