Kujeru Huɗu a Layin Gaba

Sunan Kankare ya bi shi ne tun yana lebura, don an ce zuciyarsa idan ta daskare a kan abu ko guduma ba ta fasa ta. Daga ɗaukar kwanon yashi ya zama ɗan kwangila, ya gina kwalbatoci da ajujuwa da shagunan kasuwa. Yana da rufin asirinsa, ga gida, ga mota, ga mace ta gari da 'ya'ya biyu, ga mahaifiyarsa a ɗakin ƙasa tana sa masa albarka safe da yamma. Sai dai mutumin nan bai taɓa kallon abin da ke hannunsa ba, kullum idonsa na kan hannun wani.

A shekarar da ƙungiyar ƙwallon garin ta hau babban rukuni, majalisar gari ta ce za ta gina sabon fili mai cin mutum dubu arba'in. Kuɗin na harajin jama'a ne, har da wanda aka ware don sabon ɗakin haihuwa a asibiti. Kwangilar ta faɗo hannun Kankare, kada ka tambaye ni ta yaya. Ya kewaye wuri da kwano, ya zuba manyan motoci, ya haƙa harsashi. Sai wata tsohuwar nas, wadda kowa ke kira Sista, ta tara matan unguwanni ta kai ƙara. Kotu ta saurara, ta ce a dakata, kada a saki ko ƙwandala. Majalisa ta ɗaukaka ƙara, amma motocin Kankare suna nan a tsaye ciyawa na fitowa a ƙarƙashinsu.

Ana saura kwana tara a yanke hukunci lauyansa ya rufe ƙofar ofis ya ce, “Yallaɓai, gara in faɗa maka gaskiya. A takarda matar nan ta kayar da mu. Majalisa ba ta bi ƙa'ida ba, kuma alƙalan sama ba yara ba ne.”

“To aikin me kake yi min?”

“Karatun doka, kuma na karanta ta ƙare.” Lauyan ya rage murya. “Akwai wani mutum a bayan tsohon kamfanin ƙanƙara. Ni ban aike ka ba, ban ma faɗa maka ba. In za ka je, ka tafi da kwafin hukuncin farko, da ƙasa daga tsakiyar filin, da sabon usur irin na alƙalin wasa.”

Da rana tsaka ya je, rana na dukan ƙeya, amma yana sa ƙafa a ɗakin sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ba taga. Ƙasan ɗakin yashi ne jiƙaƙƙe, a tsakiya an binne wata tukunya har wuya, bakinta ɗaure da baƙar fata. A jikin bango an jera 'yan kujerun katako duk suna fuskantar tukunyar, ba kowa a kansu, amma kowace matashin da ke kanta ya lotsa kamar yanzu aka tashi daga kai. Bokan ba shi da tsumma ko layu. Dattijo ne fes, rigarsa a goge, da tabarau, in ka gan shi a titi sai ka ce malamin lissafi ne.

Ya karanta hukuncin har shafin ƙarshe, ya ƙona shi a kan faranti, ya gauraya tokar da ƙasar filin, ya ɗiga wani baƙin ruwa mai ƙarni, ya kwance fatar ya zuba cikin tukunya. Sannan ya miƙa wa Kankare usur ɗin.

“Durƙusa, ka hura a ciki.”

Kankare ya hura iya ƙarfinsa, ko ƙis bai ji ba. Sai da ya ɗago kai yana haki sannan ƙarar ta taso daga can ƙasa, doguwa, a bayanta kuma wani gunji kamar na taron da ke nesa.

“Sun karɓa,” in ji bokan. “Kotu za ta ba ka gaskiya. Amma su ma suna son kallo. Kujeru bakwai a layin gaba. Ranar buɗewa, duk wanda usur ɗin farko ya same shi zaune a kai, nasu ne.”

“Nasu kamar yaya?”

“Kai yaro ne?”

A nan ne ya kamata ɗan Adam ya nemi takalminsa. Kankare kuwa sai halin kasuwa ya motsa masa, shi da ya saba murɗe farashin rodi har mai kaya ya yi kamar zai yi kuka.

“Malam, bakwai ta yi yawa. A bar shi biyu.”

“Ba tumatir muke sayarwa ba.”

“To uku. Ka duba min, ni ma sabon shiga ne.”

Bokan ya cire tabarau ya daɗe yana kallonsa, har ya ɗan yi murmushi. “Na ga masu kuka a ɗakin nan, na ga masu gudu. Mai neman ragi kai ne na farko. Huɗu, kuma ba ni na rage ba.” Ya tsoma hannu a tukunya ya fito da kusoshi huɗu baƙaƙe. “Kowace kujera ɗaya, a ƙarƙashi, da hannunka. Kada usur ya tashi kujera na fanko. In ta kasance fanko, za su zaɓa da kansu.”

“Ni zan zaɓi masu zama?”

“Kai ne mai fili.”

Kankare ya fito yana lissafi a ransa. Mutum huɗu cikin dubu arba'in, wa zai lura? Kafin ya kai mota har ya san wa zai ɗora a kai.

Ranar hukunci lauyan su Sista ya miƙe zai yi magana, harshensa ya yi nauyi, ya dinga jujjuya takardu yana neman shafin da ke gabansa. Alƙalai uku suka shiga ciki suka fito, biyu suka ce majalisa na da hurumin kashe kuɗinta yadda ta ga dama. Matan da suka cika harabar kotun suka watse jiki a sanyaye. Kafin mako ya zagayo an saki kuɗi.

Daga nan duniya ta buɗe wa Kankare. Ya tashi daga tsohon gida ya koma mai hawa uku, motoci suka cika rumfa, waɗanda da ba sa amsa sallamarsa suka koma kiransa Injiniya. Inda zane ya ce a sa rodi goma ya sa shida, ba mai tambaya. Shekara ɗaya da rabi fili ya tashi, fari tas, ana hango fitilunsa daga bakin gari. Ana saura mako a buɗe ya sallami ma'aikata da wuri, ya durƙusa a layin gaba ya kafa kusoshinsa, ya sa aka buga katuna huɗu masu ruwan zinare da lambobin kujerun.

Ya tafi gidan Sista da kansa, ya tsuguna har ƙasa.

“Mama, abin da ya wuce ya wuce. Ga wannan, ke da shugabannin ƙungiyarku uku. Layin gaba, kusa da ciyawa.”

Tsohuwar ta dube shi ta saman tabarau. “Ɗana, jiya wata yarinya ta haihu a barandar asibiti. Ɗauki abinka.”

“Ko don zumunci, Mama.”

Ya ajiye ambulan ɗin a kan tebur ya fice da sauri. A ganinsa ba a taɓa yin talakan da zai ga katin zinare ya ƙi zuwa ba.

A gida kuwa ya kafa doka, ba mai zuwa filin. Babban ɗansa, saurayi ɗan shekara sha bakwai da ba shi da zance sai ƙwallo, ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci. Matarsa ta same shi a falo.

“Baban yara, kai ka gina wuri, 'ya'yanka su kalla a talabijin kamar 'ya'yan maƙwabta? Hajiya mahaifiyarka ma ta ɗinka sabon kaya.”

“Cunkoso ne. Na ce ba za a je ba.”

“Ko Auta ba za ka...”

“Na gama magana.”

Ranar buɗewa yana can sama a ɗakin gilashi tare da magajin gari da manyan baƙi, ana ta dafa masa kafaɗa. Fili ya cika maƙil. 'Yan wasa suka fito, alƙalin wasa ya ajiye ƙwallo a tsakiya. Kankare ya ari madubin hange na wani baƙo ya leƙa layin gaba, don ya tabbatar kujerun ba fanko suke ba.

Ba fanko suke ba. Ya ga ɗankwalin da shi ya sayo wa matarsa. Ya ga Hajiya cikin sabon kayanta, ta dafa sanda tana dariya. Ya ga Auta tana kaɗa 'yar tuta, yayanta a gefenta.

Madubin ya suɓuce daga hannunsa. Ya danna waya, layi ya cushe, mutum dubu arba'in kowa na kira. Ya faɗa matakala yana tsallake uku-uku, ya ture mai ɗaukar hoto, ya yi karo da ƙofar ƙarfen da shi da kansa ya sa aka raba ɓangaren manya da na jama'a da ita. Mai tsaron ƙofar ya tare shi.

“Yallaɓai, ba a wucewa ta nan, umarni ne.”

“Ni na gina wurin nan, buɗe.”

“Mabuɗin na hannun oga.”

Ya kama ƙarfen yana jijjigawa, yana ƙwala kiran matarsa, muryarsa ta nutse cikin ganguna. Ta ratar ƙofar yana kallon alƙalin wasa ya duba agogo, ya ɗaga hannu, ya kai usur baki.

Da aka dawo gida matarsa ta tare shi fuskarta fal murna. “Kai dai ka iya ɓoye abu. Da safe wata dattijuwa ta kawo ambulan, ta ce ba ta riƙe kyautar wanda take shari'a da shi, kuma ba ta zubar da kayan mutane, a mayar wa mai shi. Na buɗe na ga guda huɗu cif, na ce ashe mamaki ka shirya mana.” Kankare ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa.

Kwana takwas bayan haka saurayin ya yanke jiki ya faɗi a wajen atisaye, kafin a kai shi asibiti ya cika. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Ba a gama karɓar gaisuwa ba aka tarar da Hajiya a kan darduma, ido a buɗe, tana fuskantar bango. Sai zazzaɓi ya kama Auta. Tana toshe kunnuwa tana cewa, “Baba, suna ta ihu, ka ce su yi shiru.”

Ya cire kusoshin ya ruga bayan kamfanin ƙanƙara, ya zube su gaban bokan.

“Ga kayanku. A ɗauke ni a bar min yarinyar. A ɗauki gidan, a ɗauki komai.”

“Kai ba ka zauna ba.”

“Ba su na nufa ba, wallahi ba su na nufa ba.”

“Na sani. Waɗanda ka nufa su ma suna da masu kuka.” Bokan ya nuna bango da haɓa. Kujeru huɗu sababbi sun ƙaru a layin, biyu daga ciki matashin da ke kansu ya riga ya lotsa. Kankare ya koma gida ya tarar an rufe Auta da zane.

Matar ba ta mutu ba, hankalinta ne ya tafi. Takan fito da kujerun roba huɗu tsakar gida, ta jera, ta zauna a ta ƙarshe tana kallon katanga tana tafi. In mijinta ya gifta ta gabanta sai ta ce a hankali, “Kauce, kana kare mana.” Daga baya 'yan uwanta suka zo suka tafi da ita.

Sista kuwa ba ta gaji ba, ta kai maganar kotun ƙarshe. A can alƙalai suka soke hukuncin baya, suka ce a binciki yadda aka kashe kuɗin jama'a. Masu bincike suka fasa ginshiƙi suka ƙirga rodi, aka rufe filin kafin ya rufta kan mutane, aka ƙwace gida da motoci. Kankare ya tsaya gaban alƙali ya fara ba da labarin kusoshi yana kuka, alƙalin ya ce kotu ba ta san wannan ba, rodi ake tambayarsa. Ya yi shekara huɗu a gidan yari a kan rodi.

Yanzu filin na nan a kulle, tsuntsaye sun yi sheƙa a kan fitilun. Mai gadin wurin yana barin wani tsoho ya shiga kullum da hantsi. Yakan je layin gaba ya zauna a kujerar nan, ya tashi ya koma waccan, yana roƙon a ɗauke shi. Ko ciwon kai ba ya yi, da alama zai daɗe.

Kai da kake ganin rabonka ya yi maka kaɗan, har kana tunanin zuwa irin ɗakin nan, ka tsaya ka ji. Ba a shiga wurin da niyyar ba da naka, kowa da na wani yake shiga. Ka koma gida ka kalli waɗanda ke zaune a falonka, ka kalle su ɗaya bayan ɗaya, don da su za ka biya.