Gyaran Mannir Mai Hatsi

"Ni ba jini nake so ba," in ji bokan. "Kai mai awo ne. In ka auna wa mutum tiya, ba ka ƙara mishi gyara?"

"Ina ƙarawa, Baba," in ji Mannir.

"To shi nake so. Duk cikin da gyaranka ya shiga, mai cikin ya zama nawa. Kai kuma buhunka ba zai ƙare ba."

Tsakar rana ce, a wata bukka bayan dutse, gaba da Bungudu. Gero zube a ƙasa, amma ko tururuwa ɗaya ba ta kusance shi ba. Mannir ya ce:

"Ban da 'yan gidanmu."

Bokan ya yi dariya. "Hannunka ne, yaro. Wanda ba ka so, kada ka ba shi."

Ya yaye baƙin ƙyalle daga kan wata ƙwarya, ya ce ya tura hannun dama cikin jiƙaƙƙen geron da ke ciki. Geron da ɗumi kamar jikin mutum. Can ƙasa wani abu ya lashi tafin hannunsa.

Ni dillalin hatsi ne a kasuwar Gusau tun ba a haifi Mannir ba. Shi Mannir ɗan Furfuri ne, ya yi digiri, ya zaga ofis-ofis har takalminsa ya cinye, ƙarshe ya dawo gefena yana awo. Sai man fetur ya yi tashin da ya yi. Kuɗin ɗauko buhu daga Tsafe ya ninka, manoma suka bar gonakin nesa don tsoro, farashin safe daban na la'asar daban. Ga ƙanwarsa Bara'atu a jami'a, an ƙara kuɗin makaranta, uba ya rasu, tana shirin tattaro kayanta. Ya ce don ita ya je wurin bokan. Wataƙila. Amma ni na sha ganin irin kallon da yake yi wa tirelolin alhazai.

Ya buɗe shago kusa da ƙofar jami'a. Shinkafa, wake, garin kwaki, duk da sauƙi, gyara kuwa cike da hannu. Ɗaliban da ke cin abinci sau ɗaya a wuni suka yi masa caa, suna sa masa albarka. Kafin kaka ta zagayo ya yi sito a Tsafe, ya sayi tirela, ya gina wa mahaifiyarsa Iya gidan bulo. Abincin Bara'atu da na Iya kuwa wurina yake saye.

Na ce, "Kai mai hatsi, ka zo sayen hatsi?"

Ya ce, "Naka ya fi tsabta, Baba."

Tun ranar jikina ya yi sanyi da shi.

Ɗalibai suka fara ramewa. Su ci, ba su ƙoshi. Wani ya zauna jarrabawa ya kasa tuna sunansa. Wata aka kai ta gida a kwance, ba ta tashi ba. Kowa ya ce yunwa ce da tsadar rayuwa. A wannan zamani wa zai tuhumi mai ƙara maka abinci?

Ga abin da Mannir ya manta. A zamaninsa kowane ɗalibi da rishonsa da tukunyarsa. Yanzu matsi ya sa 'yan ɗaki ɗaya haɗa girki: wannan ta kawo shinkafa, waccan wake, a zuba tukunya guda. 'Yan ɗakin Bara'atu kuwa, ina za su yi awo in ba wurin yayan ƙawarsu ba? Har ninka musu gyara yake, bai san su ba. Da aka yi hutu, Bara'atu ta kwashe ragowar shinkafar ɗakin ta kai Furfuri don kada ta lalace. Iya ta tuƙa tuwo da ita.

Iya ta bushe kamar kara, ta riga mu gidan gaskiya. Bara'atu kuwa aka wayi gari tana zaune tsakar gida, tana auna ƙasa da kwano, ta ƙara hannu ɗaya a kai, ta miƙa wa wanda babu.

Mannir ya koma bayan dutse yana kuka. "Na ce maka ban da 'yan gidanmu!"

Bokan bai ko ɗago ba. "Abinci ka sayar. Ka taɓa ganin abinci ya zauna inda aka ajiye shi?"

Mannir ya rufe shagon. Da aka buɗe siton Tsafe, buhunan duk ƙaiƙayi ne da ƙwari. Tirelar ta ƙone a hanya. Hannun daman ya shanye. Yau yana yawo tashar mota, yana ba duk wanda ya tsaya wannan labari, a bakinsa na ji yadda aka yi cinikin.

Ku masu digiri da ke zaune ba aiki, na san zafin da kuke ji, ni ma tiya ta gagare ni wasu ranakun. Amma duk mai ce muku zai ba ku dukiya a kan 'ya'yan wasu, ku sani naku na cikin layin.

Bokan ya ci riba: an ce wani ɗan kasuwa ya riga ya tura hannu cikin ƙwaryar. Iyayen da suka sayar da awaki suka tura 'ya'ya karatu sun yi asara. Bara'atu da aka ce don ita aka je, ita ta fi kowa.