Masu Jiran Mota a Ɗakin Ɗana

Ɗana na fari ya rasu a daminar bara. Abu na ƙarshe da ya haɗa da hannunsa, wata 'yar rumfa ta kwali, ita ma yanzu babu ita a gidan nan, kuma ni ce na ɗauke ta na fitar. Ni ba mai dogon karatu ba ce, ɗinki nake yi a Unguwar Kanawa, don haka zan faɗi abin yadda ya faru.

Karatun zanen gine-gine yake yi. A shekararsu ta ƙarshe aka raba su bibbiyu, aka ce su nemi inda jama'a ke tsayuwa jiran mota ko keke cikin rana da ruwa, su tsara musu rumfa. Shi da abokin karatunsa Kefas suka zaɓi wata mahaɗa a hanyar Malali, gefen kwalbati, inda aka sare bishiyoyi lokacin faɗaɗa titi. Suka yi ta zuwa suna awo, suna tambayar mutane abin da suke so. Daga nan suka haɗa ƙaramarta, wadda ba ta wuce faɗin tiren shayi ba. Rufi na gwangwani, ginshiƙai na tsinken tsire, dogon benci, gangara don keken guragu, da wani ɗan ɗaki daga ciki inda mai goyo za ta shayar ba a kallonta. Har 'yan mutane ya yanka da kwali, ya zana musu fuska da biro, ya manna su da gam.

"Umma, wannan mai ƙaton ɗankwalin ke ce," in ji shi. "Kin dawo daga kasuwa kina faɗa da mai keke a kan canji."

Na ce Allah ya shirye shi.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Bai daɗe a kwance ba.

Bayan an yi sadakar arba'in Kefas ya zo da rumfar a rungume, lulluɓe da leda. Shi kaɗai ya gabatar da ita a makaranta. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Mama, mun ci. Malamai sun ce a kawo muku." Maigidana Malam Balarabe ya ce a kai ta sito. Na ƙi. Na ɗora ta a kan teburin ɗakinsa na ja ƙofa, kullum da safe in shiga in goge mata ƙura.

Wata magariba, maigida ya tafi masallaci, ina tsakar gida ina alwala. Nusaiba, ƙanwarsa, wadda ita kaɗai ta rage mini, tana kicin tana kwashe tuwo. Gari ya yi shiru irin na bayan ruwa. Sai na ji ƙas a kan kwano. Na ji wani kuma. Sannan wata tsakuwa ta faɗo kusa da butata ta gangara ta tsaya. Na ɗauka na duba. Tsakuwar titi ce, da kwalta a jikinta, kuma da ɗumi kamar ta wuni a rana.

Na ce yaran maƙwabta ne. Ina cikin yi musu faɗa ta kan katanga Nusaiba ta fito da mara a hannu, idonta a waje.

"Umma, a cikin tukunya ɗaya ta faɗa."

Kicin ɗinmu da silin.

Daga ranar, da an kira sallar magariba sai jifa ya fara, ya tsaya kafin isha'i. Bayan jifan sai murya. Daga bayan ƙofar ɗakin nake jinta, ƙasa-ƙasa, irin gunagunin mutanen da suka gaji da tsayuwa. Wani ya yi tari. Wata ta rarrashi jariri. Takalma suna goga ƙasa. Can nesa kamar ƙarƙashin ruwa wani ɗan kamasho yana kiran masu zuwa unguwar Kawo da kasuwa, "Kawo! Kawo! Kasuwa!" In na yi bisimilla na tura ƙofa, babu kowa, sai warin hayaƙin mota da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali tagar a rufe take.

Wata safiya na shiga goge ƙura, hannuna ya tsaya. 'Yan mutanen nan da ya manna suna kallon titi duk sun juyo suna kallon ƙofar ɗaki. Sun kuma fi yadda na san su yawa. Sababbin ba su da fuska. A cikin ɗan ɗakin masu shayarwa akwai wani baƙin abu a tsugune, ban iya kallonsa sau biyu ba.

Sannan abin ya koma kan Nusaiba.

Yarinya ce mai surutu, ko barci take sai ta yi magana. Ta daina. Da la'asar sakaliya sai ta sa hijabi, ta sa takalmi, ta rataya jakarta, ta shiga ɗakin yayanta ta zauna a bakin gado, gwiwoyi a haɗe. Jefi-jefi ta miƙa hannu kamar mai tare keke, ta bi iska da kallo, ta sauke hannun.

"Nusaiba, ina za ki?"

"Jira muke yi."

"Ke da wa?"

Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Umma, ɗan matsa. Kin taka wa Iya ƙafa."

Ta daina cin abinci, wai ba a ci a bakin titi. Wuyanta ya zama kamar na kaza. Wata magariba ta miƙe zumbur ta ce, "Ga ta can ta taho," ta nufi ƙofar gida. Mahaifinta, wanda ya yi shekaru yana ɗaga buhuna, ya riƙe ta da hannu biyu, ta ja shi a ƙasa har zaure. Da ƙyar aka danna sakata.

A daren ya ɗauko kalanzir ya ce ƙona rumfar zai yi. Na tsaya a bakin ƙofa na ce sai dai ya haɗa da ni. Ya kalle ni kamar bai san ni ba. Abin da bai sani ba shi ne, a cikin gunagunin nan na fara jin wata dariya, gajera, mai ƙarewa da tari. Duk duniya mutum ɗaya ke yin irinta.

Washegari ya je ya zo da Malam Datti, dattijon da ke karantarwa a zauren bayan masallacinmu, wanda aka sani da ruƙiyya. Malam ya tsaya a kan rumfar ya daɗe, bai taɓa ta ba. Ya ce a kira wanda suka yi aikin tare.

Kefas ya zo ya zauna a gefen tabarma yana murza yatsu. Malam ya ce, "Yaro, cikin waɗanda kuka tambaya a wurin nan, akwai wanda ya tsaya maka a rai?"

Ya ce, "Akwai wata tsohuwa, Baba. Da yamma ne, muna naɗe igiyar awo. Tana zaune a bakin kwalbati. Ta ce mu 'yan gwamnati ne? Nura ya ce ɗalibai ne. Ta ce tun da aka sare musu bishiya ba su da inuwa, ita da jama'arta. Nura ya ce, 'Iya, kwantar da hankalinki, har ɗaki zan yi miki a ciki.'" Ya juyo gare ni. "Mama, haka muke gaya wa kowa, don su tsaya su amsa mana tambaya. Aikin makaranta ne, maki ake ba mu, ba wanda zai gina. Masu keke har yau in sun gan ni sai su ce yaushe za a fara. Na juya in ɗauki hotonta don rahotonmu, ban ganta ba. Muka ce ta sauka ta ƙasa ne."

Malam ya ce, "To, ita ba ta san maki ba."

Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida da rana ta yi ja. Aka zaunar da Nusaiba, mahaifinta ya riƙe kafaɗunta, ni ina gefenta. Malam ya fara karatu, Fatiha, farkon Baƙara, Ayatul Kursiyyu. Tsakuwa ta fara zuba a kan kwano kamar ƙanƙara. Bai ɗaga kai ba. Can sai bayan Nusaiba ya lanƙwashe, leɓenta ya shige ciki kamar na marar haƙori, wata tsohuwar murya ta fito daga bakinta.

"Kai mai gemu, ka ishe mu."

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki gidan mutane?"

"Gayyatarmu aka yi. Mai ɗakin ya ce zai yi mana rumfa, ya yi, muka shiga."

"Wanda ya faɗa miki haka ya rasu."

"Shi ya rasu. Maganarsa tana nan."

"To me yarinya ta yi miki?"

Ta yi wata dariya ta ce, "Rumfar ta yi mana kaɗan, muna da yawa. Ita kuwa akwai fili. Motarmu ta kusa, da ita za mu hau."

Malam ya ce ta ji tsoron Allah. Ta ce to a gina musu ta gaskiya, da siminti. Ya ce waɗannan bayin Allah ba su mallaki titi ba. Ta ce a yanka baƙin bunsuru a bakin kwalbati. Ya ce ba a yanka wa wanin Allah, ko da ɗan tsako ne. Ya ci gaba da karatu, ta fara huci tana cewa ana ƙona ta.

Sai ta yi tsit. Kan Nusaiba ya juyo a hankali ya fuskance ni.

"Umma."

Muryar ɗana ce. Ba kama ba, ita ce, har da ɗan shaƙewar nan ta hanci.

"Umma, kin rame. Umma, ko sau ɗaya ba ki taɓa kiran sunana ba. Ki kira ni mana, in zauna."

Ɗan fari ne. Yadda uwata ta yi wa yayana haka na yi masa, ban taɓa kama sunansa ba. "Kai yaro" nake cewa, ko "wancan". Ko ranar da yake kwance yana kallona a asibiti kunya ba ta bar ni ba. Ga shi yanzu yana roƙo.

Malam ya ɗaga murya ya ce, "Malama Ramatu, kada ki amsa! Ɗanki yana kabarinsa. Wannan ta saurari maganarsa ne ta ɗauka."

Tsohuwar muryar ta dawo, a tausashe. "Ke uwa, mu yi ciniki. Bar mana rumfarmu, bar mana bakin yarinya da magariba kaɗai. Ba za mu tafi da ita ba. Kullum za ki ji shi, har ki mutu."

Ba zan ɓoye ba, bakina ya buɗe. Sunan ya taho har kan harshena. Maigida yana cewa "Ramatu, Ramatu," ina jinsa kamar daga wata unguwa. Sai na ji ana jan bakin zanina. Na duba ƙasa. Hannun Nusaiba ne, ƙashi da fata, ya damƙe zanin yadda take yi tana ƙarama in mun shiga cunkoson kasuwa. Fuskar ta tsohuwa ce, amma hannun na 'yata ne.

Na yi a'uziyya. Na ce, "Ke ba ɗana ba ce. Sakar mini 'yata."

Ihun da ta yi sai da kajin maƙwabta suka tashi. Malam ya ci gaba da karatu yana yayyafa ruwan da ya tofa, har ta ce ta tuba, za ta fita. Ta ce amma a mayar musu da rumfarsu inda aka yi awo, kuma wadda ta hana a fitar da ita, ita za ta ɗauka. Malam ya dube ni. Na gyaɗa kai. Ya sa ta rantse da Allah ba za ta dawo ba, ita da jama'arta. Ƙafar Nusaiba ta hagu ta yi ta rawa, ta miƙe, ta saki. Jifa ya tsaya. Ta yi atishawa, ta buɗe ido ta ce, "Umma, me ya sa nake sanye da takalmi?"

Ba mu jira gari ya waye ba. Malam ya zauna da Nusaiba da wata maƙwabciyata, ni da maigida da Kefas muka tari keke. Rumfar kwali ce, amma a kan cinyata kamar turmi. Da muka fara hawan tudu keken ya riƙa nishi, mai keken ya waigo ya ce, "Hajiya, siminti kika ɓoye a ledar nan ne?" Ba wanda ya yi dariya. Duk tsawon hanyar ana kirana daga cikin ledar, a hankali, Umma, Umma. Na kafe idona a bayan mai keke ina ta salati.

A mahaɗar an fara yayyafi. Mutane na tsaye a bakin titi sun ɗora leda a ka, wata mai goyo ta lulluɓe ɗanta da gyale. Wani dattijo ya gane Kefas, ya ce, "Yauwa ɗalibi! Za a fara aikin ke nan?" Kefas ya sunkuyar da kai.

Na sauka gangaren kwalbati ni kaɗai. Na cire ledar, na ajiye rumfar a kan wani dutse, na yi bisimilla na juya. A bayana na ji takun ƙafafu masu yawa suna wucewa cikin ruwa. Aka kira ni sau ɗaya, da ƙarfi, irin kiran yaron da aka bari a makaranta ranar farko. Ban waiga ba.

Nusaiba ta warke, ta koma makaranta, surutunta ya dawo. Ba ta tuna komai, ba mu kuma gaya mata duka ba. Ni ce dai har yau in an kira magariba sai in tsinci kaina na tsayar da keken ɗinki ina kasa kunne, kuma ban san ko tsoron in ji nake yi ko so nake in ji ba.

Don haka wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya ɗaga hannu tare da ni. Allah ka jiƙan ɗana, ka yalwata masa kabarinsa, kada ka kama shi da maganar da ya yi cikin ƙuruciya. Allah ka tsare mini Nusaiba daga abin da muke gani da wanda ba ma gani. Ni kuma ka cire mini wannan sauraron daga zuciya, ka ba ni haƙuri har ranar da zan ji muryarsa ta gaskiya. Ku ce amin.