Fulin Rumaisa da Kishin Mai Walda

A bakin shagon waldarsa da ke Gwandu Mu'az ya fara ganin Rumaisa, ta zo da zane a takarda. Ɗalibar fiziks ce a Kalgo, tana so a ƙera mata fuli, wato tayoyin ƙarfe huɗu da igiya ke bi ta kansu don ɗaga kaya. Bawan Allah a juye ya riƙe takardar, bai ma sani ba.

"In ka ja igiya kamu huɗu, kaya su tashi kamu guda," in ji ta. "Wanga huɗun shi muke kira belositi reshiyo, ba ya canzawa. Amma inganci, wato yawan ƙarfinka da ke isa ga kayan, yana hannun maƙeri."

Kafin wata ya zagayo ya koma kiranta Malamata. Mahaifinta, Malam Hamidu, ya fi karkata ga aurar da ita ga Shamsuddeen, ɗan ajinsu. Da ta matsa cewa Mu'az take so, sai ya ce, "Bari in ga aikin hannun mai waldan tukuna."

Ranar karɓar fuli, sai ga Shamsuddeen yana ƙamshin turare, wai ya zo ɗaukar "aikinmu ni da Rumaisa". Kishi ya turnuƙe Mu'az. Ya miƙa masa fulin haka nan, bai goge sandunan tayoyin ba, bai sa giris ba. Wauta dai, ai ba Shamsuddeen ya cuta ba.

Washegari da safe saƙon Rumaisa ya shigo:

"Maƙerina, buhu mai kilo arba'in, sai da na rataya kilo ashirin da biyar kafin ya motsa. Inganci kashi arba'in kacal. Gobe malamai za su duba, kuma Baba na nan Kalgo. Aikin nawa ne ni kaɗai, Shamsuddeen aikensa na yi. Mi ya faru?"

Kunya ta rufe shi. Ya ɗauki giris da magagari, ya hau babur sai Kalgo. A gaban Malam Hamidu ya durƙusa.

"Baba, lissafinta daidai ne. Ni na ƙi sa mai, kishi ya ɗebe ni."

Ya goge, ya shafa, aka sake gwadawa. Kilo goma sha biyu da rabi ya ɗaga buhun, inganci kashi tamanin. Rumaisa ta juya baya tana dariya tana share hawaye.

Malam Hamidu ya ja igiyar da kansa, sannan ya dubi Mu'az. "Da ka yi shiru, da ba mu sani ba. Ka turo magabatanka."

Bayan sallah ƙarama aka ɗaura aure a Gwandu. Fulin yanzu yana kan rijiyar gidansu, kuma duk ranar da ango ya fara haɗe rai, amarya gwangwanin giris take miƙa masa. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.