Tukunya Ba Ta Zama a Kan Dutse Biyu

Rana ta yi ja lokacin da Alhaji Dallatu ya sauka daga kwalta, kaɗan bayan garin Uke, ya tsayar da motar a bakin wani fili. Tun asuba suka baro Gombe, shi da matarsa Hajiya Safiyatu da 'yarsu Khaula mai shekara goma sha biyar. Hutu za su yi a Abuja, wurin Uthman ƙanen Hajiya, wanda ke aiki a wata ma'aikatar tarayya.

Motar ba irin wadda aka saba gani ba ce. Wani Bature injiniya ne ya sayar wa Alhaji ita da ya gama aikin hanya zai koma ƙasarsu. Akwai gadaje biyu a ciki, da ɗan banɗaki, da tankin ruwa, da murhun gas mai baki biyu. Duk garin da suka ratsa sai mutane sun bi ta da kallo, wani direban tanka a Akwanga har ya ce mata gida mai taya. Aibinta ɗaya ne, birkin hannunta ba ya kamawa sosai.

Filin yana da ɗan gangare. Alhaji ya taka birki ya ce, "Maman Khaula, samo mana dutse a yi weji a tokare taya, mu yi magariba kafin mu shiga cunkoson Mararaba."

Hajiya ta shiga cikin ciyawa. Ba ta yi nisa ba ta tarar da duwatsu uku a zaune kusa da juna, kowanne gefensa ɗaya baƙi ƙirin. Ta ɗauki wanda ya fi faɗi. Da ɗuminsa ta ji shi, ta ce a ranta zafin rana ne. Ta kai ta tokare tayar baya.

Suna idar da sallah wata Bafulatana ta ɓullo ta hanyar daji da ƙwarya a kai. Ta ce sunanta Lantana, daga kasuwa take, ga sauran nono. Khaula ta roƙi ubanta, aka dama mata fura a kofi, ta shanye. Lantana tana naɗe gammonta idonta ya faɗa kan tayar. Ta daɗe tana kallo.

"Hajiya, in kun tashi ku mayar da dutsen nan inda kuka same shi. Mu mun bar wurin nan shekara uku, amma masu wurin ba su tashi ba. Zo in nuna miki."

Hajiya ta dubi filin. Babu bukka, babu hayaƙi, sai ciyawa da duhu yana sauka a kanta. Ta tuna labaran da ake bayarwa na wannan hanya, cewa 'yan fashi kan turo mace ta riƙe matafiya da surutu. Ta ja hannun 'yarta.

"Shiga mota. Alhaji, tayar da ita."

Ta zare dutsen da kanta. Ta yi tunanin a Abuja ma za a buƙaci weji, sai ta jefa shi cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadon Khaula, ta ja ƙofa. Ta madubi Alhaji ya hango matar tana tsaye a inda suka bar ta, har kwana ta ɓoye ta.

Sun yi awa biyu tsakanin Masaka da Nyanya. Da suka haura tudu, birnin ya buɗe a gabansu gaba ɗaya: fitilu jere a kan tituna masu faɗi, dogayen gine-gine da ba a gama ba, ƙarafan ɗaga kaya sun yi cirko-cirko a sama. Shekarun nan ne da kuɗi ya shigo gari, kowa da wayar salula a kunne. Khaula ta yi wata guda tana ƙirga ranakun ganin wannan wuri. Alhaji ya ce, "Ga Abujarki nan." Ba ta ɗago ba. Tana zaune a bakin gado, hannuwanta biyu a kan cikinta.

Gidan Uthman a Lugbe ɗaki biyu ne da falo, don haka aka shigar da motar tsakar gida, baƙi suka ce a cikinta za su riƙa kwana. Matarsa Sumayyah ta kawo shinkafa da miyar kaji. Khaula ta kai cokali baki, ta mayar. Aka ce gajiya ce.

Da safe Hajiya ta ɗora ruwan shayi a murhun motar. Tukunyar ta karkata a hankali, kamar an janye mata ƙafa ɗaya, ruwan ya tuntsure. Ta sake ɗorawa, ta sake karkata. Alhaji ya duba tayoyi, ya duba ƙasa, komai daidai yake. Khaula ba ta karya ba, ba ta ci na rana ba. Ba ta kuka da ciwon komai. In an miƙa mata abinci sai ta kawar da kai, ta ce ba ya wucewa.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo a kan rufin motar. Wani ya biyo shi. Shiru. Can an jima, biyu kuma. Uthman ya ɗauki tocila ya zagaya bayan katanga yana cewa, "Yaran unguwar nan ba su da tarbiyya, wallahi sai na kai ƙara wurin ogan masu gadi." Bai ga kowa ba. Ya dawo da 'yan tsakuwoyin da ya tsinta a gindin motar. Da ɗuminsu, kuma sun bar masa baƙi a tafin hannu. Ya goge a wandonsa.

Kwana na biyu haka, na uku haka. Kullum da magariba, kullum bibbiyu. An kai Khaula asibiti, an ɗebi jini, an yi hoto, likita ya ce bai ga komai ba, ya sa mata ruwa leda biyu. Idanunta suka faɗa. Zoben da ke yatsanta ya fara zamewa da kansa.

Hajiya Safiyatu mace ce mai lissafin mutane, ta zauna ta jera su. Farko Bafulatanar nan, wa ya san abin da ta barbaɗa a nonon? Sai Baturen, me ya sa ya rabu da mota irin wannan da sauƙi haka? Sai maƙwabciyar da ta leƙo ta katanga ta ce masha Allah sau uku. Daga nan tunaninta ya shigo cikin gida. Tukunyar Sumayyah tana zama lafiya a kicin ɗinta. Kuma cokalin farko da Khaula ta kasa haɗiyewa, daga hannun Sumayyah ya fito. Ta daina karɓar kwanon da ake aikowa. Ta daina barin 'yarta ta shiga falon.

Rana ta huɗu da hantsi Uthman ya same ta a ƙofar motar.

"Yaya, Sumayyah tana ɗaki tana kuka. Me ta yi miki?"

"Ni na ce ta yi wani abu? Lafiya lau na kawo 'yata gidan nan, shi kaɗai na sani."

"Gidana kike nufi ke nan."

Kafin ta amsa, murya ta fito daga cikin motar. Bakin Khaula ne ke motsi, amma muryar ta tsohuwa ce, a shaƙe, kamar ta wadda ta daɗe tana hura wuta.

"Ku ma ku ji yadda yunwa take."

Alhaji, da ke riƙe da buta, ya ajiye ta a hankali. Uthman ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Bayan azahar ya dawo daga Jikwoyi da Malam Yamusa, wani dattijo siriri mai koyar da Larabci a makarantar sakandare, wanda aka sani da ruƙiya. Bai zo da komai ba sai gorar ruwa. Ya sa aka buɗe tagogin motar, ya ce uwa ta riƙe kafaɗun yarinya, ya zauna a kan kujerar roba ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya yi kusan rabin awa kafin yatsun Khaula su fara rawa, sannan ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman mai girki.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Uwar gida ce ni, kamar wannan da ke riƙe da ni."

"Musulma ce ke?"

"Tun kafin a haifi kakanka."

"To ba ki san zalunci haramun ne ba? Yarinya kwana huɗu ba ta ci ba."

"Nawa yaran su biyar ne. Su ma kwanansu huɗu." Muryar ta tsaya, ta ja numfashi. "Ka taɓa ganin tukunya ta zauna a kan dutse biyu? Na ɗora tuwon dare, aka zo aka zare mini murhu daga ƙarƙashinta. Ruwan ya kashe wutar. An faɗa musu, da bakin mutum irinsu aka faɗa musu. Suka rufe ƙofa."

Malam ya juyo ya dubi Alhaji. Alhaji ya girgiza kai, ya ce shi dai ya san an yi weji a Uke, amma can aka bar dutsen. Malam ya dubi Uthman. Sumayyah tana tsaye daga bakin ƙofa da jajayen idanu. Hajiya Safiyatu kuwa, kwana huɗu tana jera sunayen mutane, ba ta taɓa sa nata a ciki ba.

"Yana ƙarƙashin gadon nan," ta ce. Da ƙyar aka ji ta. "Ni na ɗauko."

Uthman ya jawo akwatin. Ga shi nan, gefensa ɗaya baƙi.

"Za a mayar miki," in ji Malam. "Ki fita."

"Na ga nasu murhun," muryar ta ce, a hankali, kamar mai taya kaya a kasuwa. "Ba hayaƙi, ba neman itace. A bar mini ɗakin nan mai tafiya, in kwaso yarana."

"Ba ki da gado a cikinsa."

"To a yanka mini ɗan akuya."

"Ko kaza ba za a yanka ba. Haƙƙinki dutse ne, dutse za ki samu. In kin ƙi, ga karatu nan, ban gaji ba."

Can muryar ta ce, "Hannun da ya ɗauka shi zai ajiye. Kafin a kira magariba, lokacin ɗora tukunya. In rana ta faɗi ban ɗora ba, ni da yarinyar nan mun zama ɗaya."

"In an ajiye kin fita, ba dawowa. Ki rantse."

Ta rantse. Khaula ta sulale jikin uwarta.

Ƙarfe huɗu saura suka bar Lugbe a ƙaramar motar Uthman, don babbar ba za ta iya kutsawa ba. Hajiya na baya, dutsen a cinyarta cikin ɗankwali, kan Khaula a kafaɗarta. Sun ratsa birnin cikin minti ashirin. A gangaren Nyanya suka tarar da abin da kowa ya sani: ma'aikata sun tashi, motoci sun cushe har iyakar gani. Uthman ya yi ta hon, yana leƙawa yana roƙo, "Oga, don Allah, mara lafiya ne!" Wani ya ba shi hanya, goma suka hana. Hajiya ba ta duban titi. Rana take duba, tana jin dutsen yana ƙara ɗumi ta cikin zane.

Da suka wuce Masaka rana ta riga ta zauna a kan bishiyoyi. Kusa da Uke suka tsaya a fili ɗaya, ba shi ba ne. Suka tsaya a na biyu, ciyawa duk iri ɗaya. Hajiya ta shiga tana tattakawa da dutse a ƙirji, tana juyawa hagu da dama, ƙaya tana kama mata zane.

"Ba nan ba ne, Hajiya."

Lantana ce, da ƙwaryarta, a kan hanyarta ta komawa gida. Ta wuce gaba, Hajiya ta bi ta cikin daji, ita kaɗai, ba ta waiwaya ba. Bayan wata 'yar kalgo suka same su, duwatsu biyu da gurbin na uku. Hajiya ta durƙusa, ta yi bismillah, ta zaunar da shi, ta juya baƙin gefen ciki yadda ta same shi. Daga garin Uke ladan ya ɗaga murya.

Iska ba ta motsa ba. Amma su biyun sun ji ƙamshin itace ya kama wuta, a wurin da babu ko toka.

"Ki yafe mini," in ji Hajiya. "Na zarge ki."

"Na gani a idonki tun ranar," Lantana ta ce. "Mu tafi, ba a tsayawa kan mai girki."

A bakin hanya suka tarar da Khaula ta buɗe ƙofar mota ta sauko da ƙafafunta. Ta dubi uwarta, ta dubi ƙwaryar.

"Umma," ta ce, da muryarta ta kullum, "yunwa nake ji."

Lantana ta sauke ƙwaryar. Hajiya ta karɓi ludayin da hannunta ta dama, ta riƙe wa 'yarta kofin har ta shanye, ta sake damawa. Da ta ɗago, ta ce wa Uthman ya ba ta wayarsa, akwai wadda za ta kira a Lugbe ta nemi gafararta tun kafin su isa.

Washegari Alhaji Dallatu ya je wurin kafinta ya sa aka yanko masa katako biyu na weji. Har suka koma Gombe, ko tsinke Hajiya ba ta ƙara ɗauka a bakin hanya ba.